Garaɓasar Banki Tsakanin Hukuncin Shari'a Da Sabuwar Dokar Haraji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki a Najeriya ranar 1 ga Janairun 2026, tambayar da aka saba kawo mana game da garaɓasar bankuna ta sami ƙarin reshe. A da, wanda sunansa ya fito a ƙuri'ar banki tambaya biyu yake yi: shin wannan kuɗi halal ne, kuma shin akwai zakka a kansa? Yanzu ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa a Dutsin-Ma da Kurfi suna ƙara ta uku: shin dole ne a rubuta shi a takardar bayyana kuɗin shiga da ake kai wa hukumar haraji, kuma idan mota ce ko babur ko firji aka ci, nawa za a rubuta? Tambayoyin uku a sarƙe suke, wanda ya amsa ɗaya ya bar biyu bai sallami mai tambaya ba.

Kusan babu babban banki a ƙasar nan da ba shi da irin wannan shiri. Access yana da DiamondXtra, Fidelity yana da GAIM, UBA yana da asusun Bumper, Stanbic IBTC yana da Reward4Saving, sauran ma kowa da sunan da ya raɗa wa nasa. Tsarin duk kusan ɗaya ne. Za a ce ka ajiye wani adadi, dubu biyar ko dubu goma, ka bar shi a asusu na wani lokaci ba ka taɓa ba, kowane ninki na wannan adadi ya zama maka tikiti guda. Ranar da aka sa sai na'ura ta zaɓo sunaye, wani ya ci dubu ɗari, wani miliyan, wani mota. Banki ba don Allah yake rabon nan ba, kuma bai taɓa cewa don Allah yake yi ba. Ajiyar talakawa ita ce kuɗi mafi araha da banki yake samu, ya juya ta ya bayar da rance da ruwa mai tsada. Abin da ya raba a ƙuri'a ɗan tsakure ne daga abin da ajiyar ta jawo masa. Yana da kyau mai karatu ya lura da cewa hukumomin da ke sa ido kan caca ake gayyata su shaida fitar da irin waɗannan ƙuri'u, kuma a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca da ƙuri'a a cikin iyakokinsu, ba gwamnatin tarayya ba. Wato ita kanta dokar ƙasa ta san dangin da wannan abu ya fito.

Dokokin harajin guda huɗu ne, Shugaba Bola Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta da kuma doguwar muhawarar da gwamnoni da sarakunan Arewa suka tayar a kansu. Babbar cikinsu, wadda ta tattaro hukunce-hukuncen harajin kuɗin shiga wuri guda, ta jera abubuwan da ake ɗauka kuɗin shiga ne, kuma a cikin jerin ta ambaci kyaututtukan gasa da abin da aka ci a ƙuri'a da lambobin yabo masu kuɗi da tukuici. Kyautar da ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwansa don zumunci ba ta shiga haraji. Amma garaɓasar banki ba irin wannan kyauta ba ce, domin sai da ka cika sharaɗi kafin sunanka ya shiga. Ma'aunin harajin mutum ɗaya kuwa hawa-hawa ne. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25.

Harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne, saboda haka mazaunin Dutsin-Ma ko Birchi ko Rawayau da Hukumar Tara Haraji ta Jihar Katsina yake da magana. Ma'aikacin gwamnati, malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ne ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko ma'aikacin ƙaramar hukumar Kurfi, ya saba a cire masa haraji daga albashi tun kafin alat ya shigo, don haka yakan ɗauka ya gama da hukuma. Abin da ake cirewa a albashi na albashi ne kaɗai. Duk wani kuɗin shiga na gefe, shi ne zai bayyana da kansa a takardar shekara, wadda wa'adinta ke cika ranar 31 ga Maris. Abin da aka samu a 2026 za a bayyana shi kafin ƙarshen Maris na 2027. Tarar ƙin kai takardar ba ƙarama ba ce: naira dubu 100 a watan farko, dubu 50 a kowane wata da ya biyo baya. Ga shi kuma lambar shaidar ɗan ƙasa ta zama lambar harajin mutum, ita ce kuma ke maƙale da asusunsa. Wanda aka ɗauki hotonsa riƙe da ƙaton cek aka watsa a jaridu ba shi ne zai ce ba a san ya samu ba.

Mu ɗauki misali don lissafin ya fito fili. Malamin makaranta ne, abin da ya rage masa a shekara bayan an cire fansho da sauran abubuwan da doka ta yafe naira miliyan 1.5 ne. Harajinsa kashi 15 ne na dubu 700 da suka haura dubu 800, wato naira 105,000. Sai ya ci miliyan ɗaya a ƙuri'a. Kuɗin shigarsa ya koma miliyan 2.5, harajinsa ya koma 255,000. Garaɓasar ta jawo masa ƙarin 150,000 ke nan. Akwai ƙa'idar cire haraji tun daga tushe da ta fara aiki a Janairun 2025, wadda ta sa kashi 5 cikin ɗari a kan abin da mazaunin ƙasa ya ci a caca da ƙuri'a da gasannin talabijin da makamantansu. Bisa ƙa'idar gama-gari, abin da aka cire daga tushe kafin alƙalami ne, ana rage shi daga jimlar da ake bin mutum. To amma ba za a rage maka abin da ba ka da takardar shaidarsa ba. Duk wanda aka ce an cire masa wani abu da sunan haraji, haƙƙinsa ne ya nemi rasidin da ke nuna an kai kuɗin ga hukuma da sunansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan ba kuɗi aka ci ba. A ce malamin nan mota ya ci, kuma kuɗinta a kasuwa naira miliyan 17 ne. Kuɗin shigarsa na shekarar ya zama miliyan 18.5. Idan aka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, harajinsa zai kai naira 3,315,000, alhali ba don motar ba 105,000 zai biya. Mutumin da albashinsa na shekara biyu da ƙyar zai biya wannan haraji, ga mota a ƙofar gida, ga 'yan taya murna, ga masu neman a ba su na goro, ga kuma bashin hukuma na sama da miliyan uku wanda ba a ambata ba ranar da ake kiɗa da ɗaukar hoto. A yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, tallata fuskar mutum da sunan garinsu a matsayin sabon miloniya ma wani haraji ne da ba ya cikin kowace doka. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

To wane adadi za a rubuta? Akwai kuɗin da banki ya ambata a talla, wanda galibi akan kumbura shi don shirin ya yi armashi. Akwai kuɗin da banki ya saya a wurin dila, wataƙila da ragin sari. Akwai kuma abin da motar za ta yi idan aka kai ta kasuwa ranar da aka miƙa makulli. Fiƙihunmu ya daɗe da sanin wannan matsala a babin ramuwa da rabon gado da zakkar kayan kasuwanci, kuma amsarsa ba ta sauya ba: ƙimar irin abin a kasuwar wurin, a ranar da ya shiga hannu, bisa ƙiyasin waɗanda suka san sana'ar kuma aka yarda da gaskiyarsu. Alƙur'ani ma, a aya ta 95 ta Suratul Ma'ida, da ya zo maganar ramuwar dabbar da mai harami ya kashe, ga adalai biyu ya mayar da ƙiyasin. Shawararmu ita ce wanda ya ci kaya ya nemi banki ya ba shi kwafin rasidin sayen kayan da takardar miƙa su mai ɗauke da kwanan wata. Idan adadin ya yi nesa da na kasuwa, ya samo ƙiyasin dillalai biyu sanannu a rubuce. Idan ya sayar ba da jimawa ba, ya ajiye takardar cinikin, ita ce hujja mafi ƙarfi. Kada ya yarda a ɗora masa kuɗin talla, wannan cutar kai ce. Kada kuma ya haɗa baki da dillali a rubuta masa rabin kuɗi, wannan shaidar zur ce, shi da dillalin duka.

Duk wannan maganar lissafi ce. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta farko, kuma amsarta tana rataye a kan fahimtar mene ne kuɗin da muke kaiwa banki. Da Hausa ajiya muke cewa, amma a ma'aunin fiƙihu ba ajiya ba ce. Ajiya amana ce, ba a taɓa ta, kuma idan ta salwanta ba da sakaci ba babu ramuwa. Banki kuwa yana juya kuɗinka yadda ya ga dama, kuma ya lamunce zai mayar maka da irinsu ko ya ci riba ko ya faɗi. Wannan ita ce siffar rance. Kai ne mai bayar da bashi, banki ne mai ci. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Abu Dabi a 1995. Da zarar an yarda rance ne, sai ƙa'idar nan ta shigo wadda ke cewa duk rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani da sharaɗi riba ne. Lafazin bai inganta ba a matsayin hadisi, malaman hadisi sun bayyana rauninsa, amma ma'anarsa Ibnul Munzir da wasunsa sun hakaito ijma'i a kanta.

Magabata sun tsananta a wannan babi fiye da yadda muke zato. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Salam ya gargaɗi Abu Burda, saboda yana zaune a ƙasar da riba ta yaɗu, cewa idan yana bin mutum bashi kada ya karɓi kyautarsa ko da damin ciyawa ne ko na sha'ir. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil da sharhohinsa, haramun ne mai bin bashi ya karɓi kyautar wanda yake bi, sai idan dama sun saba yi wa juna kyauta kafin bashin, ko wani sabon dalili ya taso wanda ba shi da alaƙa da bashin, kamar suruktaka ko maƙwabtaka. Mu tambayi kanmu: wace kyauta banki ya saba yi mana kafin mu buɗe asusu? Idan ka kwashe kuɗinka yau, sunanka zai shiga ƙuri'ar gobe?

Akan kawo hujja da hadisin Abu Rafi'u da ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Hadisin ingantacce ne, amma ba a nan gurbinsa yake ba. Wancan ƙari ne a lokacin biya, babu sharaɗi, babu alkawari, mai bayar da rancen bai san da shi ba. Wannan kuwa a allunan talla aka kafa shi, da shi aka kira ka, dominsa ka bar kuɗin. Akan kuma ce ai ba kowa ke ci ba, saboda haka ba a yi wa kowa sharaɗin ƙari ba. Majalisar Fiƙihun ta amsa wannan tun a zamanta na Jidda a 1990, da ta yi hukunci a kan takardun lamuni masu garaɓasa. Ta ce rance ne da aka sharɗanta ƙari a cikinsa ga jimlar masu bayarwa ko ga wasunsu ba tare da ayyanawa ba, ga kuma shubuhar caca a ciki. Adalci ne mu faɗa cewa akwai waɗanda suka saɓa. Wasu muftan Masar sun halatta irin takardun ajiyar nan masu garaɓasa, suna ganin alkawarin kyauta ne don ƙarfafa tattali, tunda uwar kuɗin ba ta salwanta. Muna girmama su, amma hujjarsu ba ta gamsar da mu ba. Ruwan da za a raba wa mutum dubu ne aka tara aka ba mutum goma ta hanyar ƙuri'a, kuma tara riba wuri guda ba ya mayar da ita tsarkakakkiya. Abin da muke gani shi ne garaɓasar da aka rataya a kan barin kuɗi a asusun banki mai ruwa ba ta halatta ga Musulmi ya nema ko ya ci.

Sai dai kada a yi wa komai kuɗin goro. Ɗalibanmu sun fi mu'amala da manhajojin waya irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, kuma abin da ke faɗo musu iri-iri ne. Ɗan abin da ake mayar maka idan ka sayi katin waya ko data ko ka biya kuɗin wuta ragi ne a kan ciniki, ba a kan rance aka ba ka shi ba, kuma mai sayarwa yana da ikon rage farashinsa. Ba mu ga laifinsa ba. Tukuicin da ake ba wanda ya kawo sabon abokin hulɗa la'ada ce a kan aiki, abin da malamai ke kira ji'ala, hukuncinta yana bin abin da ka kira mutum zuwa gare shi: idan asusun tura kuɗi da karɓa ne babu komai, idan kuwa tsarin ajiya mai ruwa ko rancen ruwa ne ka taya aikin saɓo. Amma 'yan nairorin da ke ƙaruwa kullum safiya a kan kuɗin da ka kulle a manhaja, wannan kuɗin ruwa ne ko da wane suna aka kira shi, kuma ƙanƙantarsa ba ta sauya hukuncinsa. Ta fuskar haraji, ɗalibin da duk abin da yake samu a shekara bai kai dubu 800 ba babu abin da ake bin sa. Wanda ya mayar da kawo abokan hulɗa sana'a, ko yake da rumfar POS a bakin jami'a, sai ya fara riƙe littafi.

Bankunan da ba su mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021 da waɗanda suka biyo baya, su ma suna da nasu nau'in jan hankali, kuma sunan Musulunci a kan allo ba ya ɗauke wa mutum tambaya. Asusun yau da kullum a wurinsu ma rance ne. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ma'aunan shari'a na irin waɗannan bankuna, ta hana a keɓe masu irin wannan asusu da kyautar dukiya saboda ajiyarsu. Asusun zuba jari na mudaraba kuwa daban ne, domin mai shi abokin kasuwanci ne, riba da asara duk yana ciki. A nan malamai da dama sun halatta garaɓasa da sharaɗin ta fito daga aljihun bankin, kada a tsakuro ta daga ribar sauran masu jari. Kowane irin wannan banki yana da majalisar malamai, Babban Bankin Najeriya ma yana da tasa da ke sa ido a kansu. Abokin hulɗa yana da damar ya ce a nuna masa fatawar da aka dogara da ita. Abin da aka ci ta wannan hanya halal ne, amma halaccinsa ba ya fitar da shi daga lissafin hukuma.

Wanda garaɓasar da ba ta halatta ba ta riga ta faɗo asusunsa, sau da yawa ma bai nema ba, don wasu bankunan da kansu suke shigar da sunaye, me zai yi? Ba zai bar wa bankin ba ya ƙara masa ƙarfi, ba zai kuma ci ba. Zai fitar da ita ga matalauta ko ga wata maslaha ta jama'a, da niyyar rabuwa da ita, ba da niyyar sadakar neman lada ba. Masu buƙata kuwa ba sai an je nesa ba: ga waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suna zaune a gefen Dutsin-Ma, ga marasa lafiya da ke kwance babu kuɗin magani, ga rijiyoyin burtsatse da suka lalace. A nan wata matsala take ɓullowa wadda littattafan da ba su tattauna ba. Doka ba ta san ka rabar ba. A wurinta kuɗi ya shigo hannunka, kuma sadaka ba ta cikin abubuwan da ake rage wa mutum ɗaya daga kuɗin shigarsa. Malamin nan namu idan ya rabar da miliyan ɗin duka, zai biya dubu 150 daga guminsa a kan kuɗin da bai ci ko kwabo ba. Abin da muke gani shi ne ya fara ware harajin da garaɓasar da kanta ta jawo, daga cikinta, sannan ya rabar da saura. Bai amfana da komai ba, ya dai mayar da kansa inda yake kafin ta zo. Abin da bai halatta ba shi ne ya biya harajin albashinsa ko na shagonsa da ita, domin wannan kare dukiyarsa ne da haram. Idan mota ce, ya sayar, ya cire harajin da kuɗin dillanci, ya fitar da ragowar. Kuma ya nemi shaida a kan rabon, don kada gobe magada ko hukuma su tambayi inda kuɗi suka shiga.

Zakka kuwa sai a kan halal. Abin da ya halatta daga cikin waɗannan, a Malikiyya fa'ida ake kiran sa, wato dukiyar da ta zo ba daga ribar jarin da ke hannu ba. Ana buɗe mata sabuwar shekara daga ranar da aka karɓe ta, idan shekara ta zagayo tana nan kuma ta kai nisabi, ita kaɗai ko tare da abin da ke hannu, a fitar da ɗaya bisa arba'in. Hanafiyya suna haɗa ta da shekarar dukiyar da ta riga ta kai nisabi, wanda kuma ya bi wannan don sauƙin lissafi ya gaggauta alheri ne. Motar hawa da firjin gida babu zakka a kansu. Ko da niyyar sayarwa aka karɓe su, a mazhabarmu sai an sayar sannan a ƙirga wa kuɗin shekara, domin ba ta hanyar saye suka shigo ba. Haraji ba ya zama madadin zakka, tunda Allah da kansa ya ƙayyade waɗanda ake ba ita a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma baitulmalin jiha ba ya cikinsu.

Mun san akwai mai cewa, to shi harajin kansa fa, wa ya halatta shi? Tambayar tana da tushe, musamman a wannan ƙasa tamu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Dattawanmu suna tuna yadda mutane ke gudun gari lokacin haraji, da kuma farin cikin da aka yi a 1979 lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Yau kuma manomin da ya kasa zuwa gonarsa a yammacin Kurfi saboda 'yan bindiga yana da haƙƙin ya tambayi abin da ake yi da kuɗin jama'a. Amma malamai irin su Gazali da Shaɗibi, shi kuwa Shaɗibi Bamalike ne, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata wani abu idan baitulmali ya gaza ɗaukar tsaro da maslahar jama'a, da sharaɗin adalci a karɓa da kuma kashewa. Ana iya jayayya, kuma ya kamata a yi, a kan ko an cika waɗannan sharuɗɗa. Sai dai wurin jayayyar daban, takardar da mutum zai sa wa hannu yana shaida cewa abin da ya rubuta gaskiya ne ita ma daban. Ba mu san wani malami abin dogaro da ya halatta wa Musulmi ya rubuta ƙarya ya sa hannu don ya tsira da dubu ɗari ba. Wanda yake ganin an ƙiyasta masa fiye da ƙima yana da hanyar ƙorafi a rubuce ga hukumar, daga nan zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sabbin dokokin kuma sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Akwai wani gefe da ya shafi cikin gida. Magidanta da yawa suna buɗe asusu da sunan mata ko 'ya'ya don tikiti ya yawaita, haka uwar adashe ko ma'ajin ƙungiya yakan zuba kuɗin jama'a a asusunsa na kansa kafin ranar kwasa. Idan ƙuri'a ta faɗo, hukuma sunan da ke kan asusu ta sani, shi za ta bi. Matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba sai ta wayi gari da bashin haraji, mijin kuma ya riƙe makullin mota yana cewa ai kuɗinsa ne. Ma'ajin da ya jinkirta kuɗin mutane don sunansa ya kai ranar ƙuri'a ya haɗa cin amana da neman abin da bai halatta ba. Kuɗin jama'a a buɗe musu asusu da sunan jama'a.

Ga Hukumar Tara Haraji ta Jihar Katsina muna da buƙata. Ta fitar da bayani da Hausa, a rediyo da takarda, kan yadda ake bayyana irin wannan kuɗi da takardun da za ta karɓa a matsayin hujjar ƙima, kada mutum ya je ofishi ya tarar ƙiyasin ya dogara da fuskar jami'in da ya samu. Ta kuma wajabta wa duk bankin da ke rabon garaɓasa a jihar ya faɗa wa wanda ya ci, a rubuce kuma kafin ya karɓa, abin da zai biyo baya na haraji, tare da ba shi zaɓin kada a wallafa hotonsa. Ga 'yan majalisarmu na tarayya kuma, a Malesiya Musulmin da ya biya zakka ga hukumar zakka ta jiharsa ana rage masa daidai adadin daga harajin kuɗin shigarsa idan ya nuna rasidi. Katsina tana da hukumar zakka da waƙafi da za ta iya bayar da irin wannan rasidi. Gyaran dokar a Abuja yake, kuma har da wanda ya fitar da kuɗin ruwa ko garaɓasa ta hannun hukumar ya kamata gyaran ya ƙunsa.

Allah ne Mafi sani.